Zuwa kallon kunkurun teku yana saka ƙwai: gata ne ko takura?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba tafiye-tafiye. Muna son mu yi dogon hutun yara a bakin teku, ita kuma babbar 'yata ta kafe sai inda kunkurun teku ke fitowa saka ƙwai. Na duba wurare har kaina ya ɗaure. Ina ya fi, kuma a wane wata? Hutun namu tsakanin Yuli da Agusta ne, akwai kuma ɗan shekara 6 a cikin tawagar.

Alhaji Sabo: Wa alaikumus salam. Hajiya, in dai alheri kike nufin dabbar nan da shi, ki ƙyale ta ta yi ƙwanta a asirce. Shawarata ke nan, kuma kyauta na ba ki.

Ɗan Auta: Ko jaka ba a ɗaure ba Alhaji ya soke tafiya.

Anti Bilki: Maman Ilham, rabu da su. Ki duba Ras al Jinz a ƙasar Oman, can ƙuryar gabashin yankin Larabawa, gaba da garin Sur. Tun 1996 aka killace wurin, kuma watannin da kika ambata su ne lokacin da koren kunkuru ya fi fitowa. Ba a barin kowa ya shiga gaɓar da dare shi kaɗai. Ana kasa mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɗan jagoransa, sau biyu: bayan isha'i da kuma kafin ketowar alfijir. Mu na asuba ya fi mana daɗi. Mun iske wata tana rufe raminta, tana watso yashi da hannuwanta na gaba har yana dukan ƙafafunmu, tana yi tana hutawa tana nishi. Da ta gama ta ja jiki zuwa ruwa, sai da ta tsaya ta huta a hanya kafin igiyar ruwa ta ɗauke ta. Abin da ya ɓata mini rai kawai wani baƙo ne a rukuninmu da ya dinga kunna fitilar wayarsa, ana hana shi yana sakewa.

Alhaji Sabo: To kin ji. Ke da bakinki kin kawo mini hujja. A kowane rukuni sai an samu mai kunnen ƙashi guda, a kowane dare, har tsawon wata huɗu.

Malam Nuhu: Bari in ɗan sa baki, tunda fannin halittu nake koyarwa. Abin da ya sa ake tsananta maganar haske da motsi shi ne, macen kunkuru ba ta da abin kare kanta a tudu. A ruwa ita ce gwana, amma a kan yashi nauyinta ne ke danne ta. Saboda haka daga fitowarta har zuwa lokacin da za ta gama haƙa rami a tsorace take. Inuwar mutum ta gifta, ko haske ya haska, sai ta juya ta koma ruwa ba ta saka ko ɗaya ba. Za ta sake gwadawa a daren ko washegari, amma kowane yunƙuri ƙarfi yake ci, kuma in aka yi ta korar ta tana iya ƙarewa da saka ƙwan a wurin da ruwa zai cinye shi, ko ta zubar da shi a teku.

Idan kuwa ta gama haƙa ramin da ƙafafun baya ta fara sakin ƙwai, to hankalinta ya tafi kan aikin, ba kasafai take fasawa ba. A nan ne ɗan jagora na ƙwarai yake matso da mutane, ta bayanta, da jar tocila, domin jan haske bai cika damun idonsu ba. Ƙwan yakan kai 100 ko fiye a rami guda, kamar ƙwallon tebur, ɓawonsa mai laushi shi ya sa ba ya fashewa in ya faɗa. Duk aikin yana ɗaukar wajen awa biyu. Daga nan ta tafi ke nan, ba ta ƙara waiwayar ramin. Zafin yashi ne ke kwanci, wata biyu ko kusa da haka.

Maman Ilham: Ikon Allah. Malam, na ga wani bidiyo kamar tana kuka lokacin da take yi. Wahala ce?

Malam Nuhu: A'a Hajiya, gishiri take fitarwa. Ruwan teku suke sha, sai Allah ya yi musu wata halitta a bayan ido da ke tace gishirin. Ko a cikin ruwa haka take yi, a tudu ne dai ake gani.

Alhaji Sabo: Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni ba ka'ida nake musu ba, ɗan Adam nake musu. Ku je ku karanta labarin Rantau Abang a jihar Terengganu ta Maleshiya. A da wurin na cikin mafiya shahara a duniya wajen kallon babban kunkurun nan mai bayan fata, wanda nauyinsa kan haura kilo 400. A shekarun 1950 ana ƙirga ramuka sama da 10,000 a shekara. Aka yi ta tururuwa, aka gina masaukai, ɗaruruwan mutane su kewaye dabba ɗaya, ana hura wuta a gaɓa, ana kiɗa, ana haska ta, wasu har hawa bayanta suke yi a ɗauke su hoto. Zuwa shekarun 2000 ramukan ba su kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Yau in ka je sai dai a nuna maka gunkin kunkuru. Kallon ne ya tsare su?

Malam Nuhu: Alhaji, ran ka ya daɗe, labarin gaskiya ne amma ka bar rabinsa. Babban abin da ya ƙarar da su shi ne kwasar ƙwai. Shekara da shekaru kusan duk ramin da aka saka sai an tone shi an kai kasuwa, ga kuma tarun masunta na cinye manyan a teku. Masu kallo sun ƙara wa wutar fetur ne. Kuma abin da ke yaudarar mutane a harkar kunkuru shi ne tsawon ransa. Koren kunkuru, alal misali, yakan kai shekara 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, kafin ya fara haihuwa. Sai ka kwashe ƙwai tsawon shekara 20 kana ganin iyaye na ta fitowa kamar kullum, kana cewa lafiya lau, alhali babu 'ya'yan da za su gaje su. Ranar da tsofaffin suka ƙare sai gaɓa ta wayi gari wayam.

Injiniya Kabiru: Ni kuma bari in kawo wa Alhaji kishiyar misalinsa. Tortuguero a Kosta Rika, gefen tekun Karibiyan. Ƙauye ne da babu hanyar mota zuwa cikinsa, sai kwale-kwale ko ƙaramin jirgin sama. Da can sana'ar mutanen wurin kama kunkuru ce, ana loda shi a jiragen ruwa ana fitarwa. Wani masani Ba'amurke, Archie Carr, ya fara bincike a wurin a shekarun 1950, aka kafa ƙungiyar kare su a 1959, gwamnati ta mayar da wurin gandun ƙasa a shekarun 1970. Yanzu jikokin masu kamun su ne 'yan jagora da masu masauki da masu tuƙa kwale-kwale. Rahoton da ƙungiyar kare namun daji ta WWF ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa kallon kunkuru na kawo wa wurin dala miliyan 6.7 a shekara. Kuma adadin ramukan ya ninka abin da aka fara ƙirgawa a farkon shekarun 1970. Kunkuru ɗaya in ka yanka shi sau ɗaya za ka ci kuɗinsa. In ka bar shi, duk bayan shekara biyu zuwa huɗu zai dawo, a kowane zuwa kuma ya fito sau da yawa.

Tsarinsu ma abin dubawa ne. Baƙi ba sa yawo a gaɓa suna nema. Ana zaunar da su a bayan gaɓa, wasu ma'aikata ne ke sintiri cikin duhu, in sun ga wadda ta fara saka ƙwai sai su kira ɗan jagora ta rediyo ya kawo mutanensa. Ba kyamara, ba waya, ba fararen kaya.

Ɗan Auta: Ba waya? To Yaya Kabiru, me zan nuna in na dawo? Wa zai yarda na je?

Anti Bilki: Kai dai ba kunkuru kake son gani ba, so kake a gan ka.

Alhaji Sabo: Dariya kuke yi, amma yaron nan ya faɗi abin da ke zuciyar mafi yawan masu zuwa. Kuma Injiniya, sirrin Tortuguero yana cikin maganarka ta farko: babu hanyar mota. Wahalar zuwa ce ke tace mutane. Ka kawo mini wurin da jirage ke sauke dubban mutane kullum kuma abin ya tafi daidai. Dubi tsibirin Zakynthos a Girka. Gaɓar Laganas na cikin manyan wuraren da kunkuru mai ƙaton kai ke saka ƙwai a Bahar Rum, kuma nan ne aka jera mashaya da otal-otal. An kafa gandun ruwa a 1999, duk da haka a 2002 sai da kotun Tarayyar Turai ta samu Girka da laifin gaza kare wurin. Da rana kuma jiragen kallo ne ke yi wa kunkuru ɗaya zobe, ya ɗago kai zai sha iska ya tarar da mutane a kansa.

Injiniya Kabiru: Ka ce in kawo, ga shi: Iztuzu, kusa da Dalyan a Turkiyya. Mutane fal da rana. A 1987 har an fara aikin wani katafaren otal a wurin, wata Baturiyar Ingila mai suna June Haimoff da wasu suka tayar da ƙura, aka dakatar da aikin, a 1988 aka ayyana yankin a matsayin mai kariya ta musamman. Yanzu a lokacin ƙwai, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe ba mai shiga. An kuma shata layin da ba a kafa laima ko shimfiɗa a cikinsa. Rana ta mutane, dare na kunkuru.

Alhaji Sabo: Madalla. Wato inda abin ya yi kyau shi ne inda aka hana kallon da dare. Ai maganata ke nan tun farko.

Injiniya Kabiru: A'a Alhaji, kai cewa ka yi kada a je. Su kuwa kuɗin masu zuwan ne ke riƙe garin har ya yarda da dokar.

Hajiya Turai: Ni dai da yara ƙanana na ga hanya mafi sauƙi. A kudancin Siri Lanka akwai gidajen ƙyanƙyasa da yawa a bakin hanya. Ka biya kuɗin shiga, ka ga jariran a cikin kwatami, ka ɗauka a hannunka, da yamma kuma a ba ka ka saka a ruwa da kanka. Jikokina har yau suna zancen. Ba tsayuwar dare, ba sauro.

Malam Nuhu: Hajiya, Allah ya ƙara girma, zan ɗan saɓa miki a nan. Ɗan kunkuru yana fitowa daga rami da guzurinsa a ciki, ragowar kwaiduwa, kuma guzurin nan an auna shi ne don abu guda: ya tsallake yashi, ya faɗa ruwa, ya yi ta iyo ba tsayawa kusan kwana guda ko fiye har ya wuce ruwan gaɓa inda kifaye da tsuntsaye ke jiran sa. In aka tsare shi a kwatami kwana biyu ko uku ana jiran baƙi, a nan zai ƙone guzurin yana zagaye. Ranar da aka sake shi ya riga ya gaji. Sannan sakin da rana ko da sauran haske gayyatar tsuntsaye ce, shi ya sa su da kansu galibi da dare suke fitowa, in yashi ya huce. Ɗaukar ƙwan ma akwai ka'ida. In ya wuce 'yan awoyi da sakawa, juya shi kaɗan na iya kashe abin da ke ciki. Dama can ƙiyasin da aka saba ambata shi ne ɗaya cikin 1,000 ke kai wa girma.

Hajiya Turai: Malam, na ji ka. Amma su ƙwan nan saye suke yi daga hannun masu tonowa. In ba su saya ba, cikin tukunya zai ƙare. Da babu gara ba daɗi.

Alhaji Sabo: Hajiya, wanda ke sayen kayan sata kullum a farashi mai kyau, ɓarawo yake ragewa ko ƙarawa?

Hajiya Turai: Mai tonon nan talaka ne, Alhaji, ba ɓarawo ba. Kakanninsa ma haka suka yi. Kai da kake nesa da teku sauƙin magana gare ka.

Malam Nuhu: Akwai gidajen da ke yin abin bisa ƙa'ida: suna kwashe ramin da ruwa zai ci ne kawai, su binne nan take, su saki 'ya'yan a daren da suka fito, a kan yashi ba cikin ruwa ba. Alamar da za ki gane su ita ce ba za su iya yi miki alkawarin ranar saki ba. Duk wanda ke da jarirai a ajiye kullum, kowane lokaci ka zo, to ajiyar don kai aka yi ta. A Siri Lankan ma akwai gaɓar Rekawa, inda aka ɗauki tsofaffin masu tono aikin gadin ramuka a inda suke.

Ɗan Auta: Tunda an zo maganar talaka, ku warware mini wannan. Na ga hotunan wani wuri mutane na cika buhuna da ƙwan kunkuru, kunkurayen na gefensu, an rubuta wai abin kunya. Sai wani ya ce halal ne a dokar ƙasar. Yaya abin yake?

Injiniya Kabiru: Ostional ke nan, Kosta Rika, gefen tekun Fasifik. Ƙaramin kunkurun nan mai launin zaitun ba ɗai-ɗai yake fitowa ba, dubun-dubatai ne ke afka wa gaɓa ɗaya cikin 'yan kwanaki, abin da mutanen can ke kira aribada. Saboda cunkoso, waɗanda suka zo daga baya suna tone ramukan na farko, ƙwan ya farfashe ya ruɓe, ruɓar kuma ta lalata na kusa da shi. Shi ya sa tun 1987 doka ta ba ƙungiyar mazauna ƙauyen izinin kwasar na awa 36 na farko su sayar, su kuma su share gaɓa, su yi gadi, su raka 'ya'yan zuwa ruwa. Masu suka na cewa ƙwan halal ɗin yana zama mayafi ga na sata daga wasu gaɓoɓin, tunda a kasuwa ba ka iya bambancewa, kuma sukar tana da nauyi. Amma ka lura, abin da ya tayar da hankali a wurin a Satumban 2015 ba masu buhu ba ne. Ɗaruruwan 'yan kallo ne suka cika gaɓar, suna tsayawa a gaban dabbobin suna hoto, ana ɗora yara a bayansu, har da yawa suka juya.

Alhaji Sabo: Na gode Injiniya, yau kai kake yi mini aiki.

Injiniya Kabiru: Ban gama ba. A Oktoban 2025 IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta cire koren kunkuru daga jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Ba da rufe ido aka kai nan ba, da gadi aka kai, kuma mai gadi albashi yake ci.

Alhaji Sabo: Iri ɗaya cikin nau'in kunkurun teku bakwai. Mai bakin shaho fa? Mai bayan fata na tekun Fasifik fa? Kuma ban ga inda aka ce 'yan yawon buɗe ido ne suka cece shi ba. Hana fatauci da gyaran tarun masunta sun fi kowa hannu a ciki.

Baban Sadiq: Ina ta karatu shiru. Duk kun tsallake Afirka. Gabon ce ke da mafi yawan mai bayan fata a duniya, kuma gandun Pongara tsallaken ruwa ne kawai daga Libreville, sai dai lokacinsu daga Nuwamba ne zuwa Maris, bai dace da hutun Maman Ilham ba. Wanda ya dace shi ne Kabo Verde, tsibiran Sal da Boa Vista da Maio, daga Yuni zuwa Oktoba, mai ƙaton kai ke fitowa da yawan gaske. Akwai kuma tsibirin Poilão a Gini Bisau, matattarar koren kunkuru mafi girma a nahiyar. Alhaji zai so wannan: mutanen Bijago sun ɗauke shi wuri mai tsarki, ba a kwana barkatai, ba a zubar da jini a kansa, tun kafin a san wani abu gandu.

Alhaji Sabo: Allah ya saka wa Bijago da alheri.

Malam Nuhu: Abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma ya shafi har wanda bai fita kallon dare ba: masaukin da ka zaɓa. 'Ya'yan kunkuru in sun fito, inda ya fi haske suke nufa, a gaɓar da babu gini kuwa saman teku ne ya fi haske. In otal ya kunna fitilu a bayansu sai su juya wa ruwa baya su nufi titi, kaguwa da karnuka da motoci su gama da su, wanda ya tsira rana ta busar da shi. Ramin da yara suka haƙa suna wasa, da kujerun da aka bari a gaɓa, da sawun tayar mota, duk tarko ne. Sannan zafin yashi ne ke yanke jinsi: wajen digiri 29 ana samun rabi da rabi, sama da haka mata, ƙasa da haka maza. Binciken da aka wallafa a 2018 kan koren kunkurun arewacin Babban Shingen Murjani na Ostareliya ya samu kashi 99 cikin 100 na matasansu mata ne. To mai otal da ya sare itatuwan bakin gaɓa don baƙi su hango ruwa, ya taɓa abin da bai san ya taɓa ba.

Maman Ilham: Kai, na sha karatu yau. Malam, shi ƙaramin yaron nawa fa?

Anti Bilki: Ni zan amsa wannan, uwa ce ni. Jira ne mai tsawo cikin duhu, ba magana, ba gudu, ga tafiya a yashi, kuma ana iya dawowa ba a ga komai ba. In yaronki mai barcin wuri ne, ku yi na asuba, ko ku raba: babba ta bi babanta da dare, ke ki zauna da shi. Ki kuma tambaya tun kafin ki biya ko suna karɓar ƙananan yara, da yawan mutanen da suke sawa a rukuni ɗaya. Wanda ya ce miki tabbas za ki gani, har ki taɓa, ki nemi wani.

Baban Sadiq: A ƙara da tsaraba. A kasuwannin bakin teku da yawa za ka ga awarwaro da 'yan kunne da mataji masu ruwan zuma da ɗigon baƙi. Wasu roba ne, wasu kuma ƙoƙon bayan mai bakin shaho ne. Yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1977.

Hajiya Turai: To ni akwai wani mataji irin wannan da aka kawo mini tsaraba tun da daɗewa, ina ma tafiya da shi a jaka. Ta yaya zan san ko na gasken ne?

Baban Sadiq: Ki ɗaga shi a haske, Hajiya. Na roba zanensa yakan zo iri ɗaya, sau da yawa har da layin da injin ya bari a gefe. Na gaske ɗigonsa ba tsari, launin ya ratsa har ciki, kuma ana ganin alamar aikin hannu. In kin yi shakka ki bar shi a gida, kada ki ƙara ƙetare iyaka da shi. Jami'an kwastan ba sa tambayar wa ya ba ki, ƙwacewa suke yi, wasu ƙasashen har da tara.